Inna Azara Mai Gyaɗa da Wutar da Ta Nemo wa Dutse

Kafin motocin haya su fara ihu a Hayyin Ashir, Inna Azara ta riga ta tankaɗe yashinta. Shi ne aikinta na farko bayan sallar asuba. Takan shimfiɗa buhu a ƙofar gida, ta ɗauki rariya, ta raba yashin da ɓawon gyaɗar jiya, sannan ta hura gawayi ta ɗora kasko. Ba ta zuba gyaɗa sai yashin ya sha wuta, ta kara bayan hannunta a samansa ta ji abin da take son ji. Idan ka zo a gurguje kana cewa motarka za ta tashi, ko ɗago kai ba za ta yi ba. Cewa za ta yi, "Yalla tahi, ɗana, gyaɗa ba ta san mota ba." Da yawanmu mun sha barin motar ta tafi, mun tsaya jiran gyaɗar.

'Yar Tawa ce ta ƙasar Nijar. Ta biyo mijinta Alƙahira tana amarya, ga shi yau har ta aurar da jika. Misirawan layin suna kiranta Ummu Huda, ita kuwa har gobe in ta ji sunan sai ta sunkuyar da kai, domin Huda 'yar fari ce, bakinta bai taɓa faɗin sunan ba. Mu ɗalibai Inna muke ce mata. Bana, shekarar 2015, likita ya ce hayaƙin gawayi ya ci ƙirjinta, dole ta ajiye kasko, kuma ita da mijinta sun yanke shawarar komawa gida bayan babbar sallah. Shi ya sa na ɗauki alƙalami tun tana nan, tun tana iya hararata idan na yi ƙari.

Ni sunana Mardiya, daga Funtuwa na zo karatu. Na sauka garin nan a ƙarshen 2011, cikin wani irin sanyi da ba wanda ya yi mini gargaɗinsa. Rannan ina tsaye a bakin titi, yatsuna sun ƙage, hawaye na zuba ban ma san suna zuba ba, sai na ji an ce da Hausa, "Ke ɗiyar wa?" Kafin in amsa ta cika aljihunan rigar sanyina biyu da gyaɗa mai zafi, ta ce in cusa hannuwana ciki, kada in ci sai ta huce. Haka na isa makaranta hannuwana a ɗume. Daga baya na gane ba ni kaɗai ba ce, kusan duk wanda ya yi sanyinsa na farko a unguwar nan ya san ɗumin aljihun nan.

Badamasi, wanda ya daɗe yana shugabantar ɗalibanmu, ya ba ni labarin farkon shekarar 2011 ɗin, lokacin da gari ya rikice aka hana yawo, shaguna suka rufe. Ya ce sun yi kwanaki a ɗaki ba abin da ke shiga cikinsu sai shayi. Sai ga Inna tana hawa benensu tana haki, da bokitin kunun gyaɗa a hannu da ƙullin ƙuli-ƙuli a ka. Suka ce Inna ai fita akwai haɗari. Ta ce, "To ku ku fita ku amsa mana, in kun iya." Haka ta yi ta zagaya gidajen ɗalibai har gari ya lafa.

Irin waɗannan labarai suna da yawa, kowa da nasa. Amma wanda ya sa na kasa yin shiru shi ne na Malam Illiyasu da duwatsunsa, domin shi a gabana aka yi.

Malam Illiyasu, mijin Inna, karatu ya kawo shi Masar. Ɗan maƙeri ne, tun yana yaro yake taya mahaifinsa fasa ƙanƙara, wato dutsen nan mai kaifi da kakanninmu ke ƙyasta wuta da shi. Misirawa sawwan suke ce masa, kuma hamadarsu cike take da shi. A wani hutu ya bi masu tonon kayan tarihi yana ɗaukar musu ƙasa, a can ya ga wuƙaƙen dutse na mutanen da, ya kuma haɗu da wani tsoho da ya iya sassaƙa irinsu. Daga nan littafi ya fara ƙura, dutse ya samu wuri. Ya zama mai sassaƙa wuƙaƙe da kawunan kibiya na ƙanƙara, malaman tarihi suna karɓa su nuna wa ɗalibansu, masu shagunan tsaraba su ma suna ɗiba. A saman benen gidan da suke haya ya yi 'yar rumfa, nan yake zama da fata a cinya, da dutsen bugu, da tsinin ƙaho wanda yake danna gefen ƙanƙara da shi har siraran ɓantarori su riƙa tashi.

Mutum ne mai taurin kai da yawan tsokana. Akwai abu biyu da duk wanda ya zauna da shi ya san su. Na farko, bai yarda da gasa dutse ba. Yakan ce wasu masu sana'ar, har da na zamanin da, suna sa ƙanƙara a wuta mai laushi don ta yi sauƙin sassaƙa, sai ya taɓe baki ya ce wannan aikin ragwaye ne, wanda ya gasa dutse ya cuci dutsen. Na biyu, bai taɓa cin abincin Inna ya tashi bai sami abin faɗa ba. Yau gishiri ya yi kaɗan, gobe tuwo ya yi tauri, jibi miyar ta yi kama da ta makoki. Yana faɗa yana suɗe kwano. Ita kuma ta ce, "To Malam, gobe sai ka shiga ka girka." Ranar farko da na ji haka raina ya ɓaci, har na fara shirin kare ta. Sai na lura da fuskarta, ashe jiran maganar take yi.

A 2013 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Malam. Allah Ya taƙaita, ƙafa ta dawo, baki ya dawo, amma hannun dama ya dawo da rabin ƙarfinsa. Da ya ɗan murmure sai ya ce a taimaka masa ya hau sama. Ya zauna, ya ɗora fata a cinya, ya ɗauki dutse ya buga. Ba abin da ya tashi. Ya koma kan ƙaho, ya danna har jijiyar wuyansa ta fito, tsinin ya zame, dutsen na nan yadda yake. Ya naɗe kayan aikinsa a cikin fatar, ya ɗaure, ya sauko. Bai sake hawa ba.

Daga nan Malam ya zama wani mutum. Ya daina fita masallaci sai an matsa masa, in ɗalibai sun zo gaisuwa sai ya amsa a gajarce ya juya fuska bango. Likita ya ce jikin yana samun sauƙi, amma mu muna ganin mutumin yana tafiya. Wata rana da hantsi na tarar da Inna tana juya gyaɗa tana share ido, na ɗauka hayaƙi ne. Ta ce, "Mardiya, jiya da gangan na ƙi sa gishiri a miya. Ko ɗigo ban sa ba. Ya ci ya ce alhamdu lillahi." Ta ci gaba da juyawa, sannan ta ce, "Ɗiyata, in ban yi wani abu ba, wanga mutum mutuwa za shi yi yana zaune."

Abin da ta yanke a ranta shi ne abin da Malam ya fi tsana. Shekara da shekaru tana jin yana zagin masu gasa dutse, kuma a cikin zagin ta tsinci abu guda: gasasshen dutse ba ya buƙatar ƙarfi. Tunda hannu ba zai koma yadda yake ba, sai dutsen ya sauko inda hannun yake. A rumfarsa akwai sauran buhu ɗaya na ƙanƙara da ya ɗebo daga hamada, ya fasa ya rage musu kauri tun kafin ciwon. Shi ke nan abin da ya rage. Shi kaɗai ya san wurin da yake ɗebowa da irin wanda yake zaɓa, ga shi ba ya iya tafiya, hanyoyin hamada kuma a lokacin ba kowa ke binsu ba. Duk dutsen da wuta ta lalata ya tafi ke nan. Kuma dole a yi a ɓoye, domin in ya ji zai hana.

Wutar farko da ta gwada ita ce tata. Ta hau da kaskonta sama, ta zaɓo duwatsu. A nan ta yi kuskuren da duk macen kirki za ta yi. Inna ba ta taɓa ɗora abu a wuta ba tare da ta wanke shi ba, ga duwatsun duk ƙura, sai ta jiƙa su a baho ta dirje su tas, ta tsame ta binne a yashi mai zafi kamar gyaɗa. Ruwan da suka sha bai sami hanyar fita ba, sai duwatsun suka yi ta fashewa. Maƙwabta sun ce sun ɗauka harbi ne, kuma a shekarar nan ta tarzoma ba wanda zai ga laifinsu. Wani tsagi ya tsaga mata goshi, kaɗan ya rage ya sami ido. Ta sauko da tsumma a ka, ta riga ta shirya ƙaryar da za ta yi wa Malam. Ya dube ta ya ce sannu, bai tambayi abin da ya faru ba. Ta ce mini wannan sannun ta fi tsagin zafi.

Ranar ce ta faɗa mini sirrin, ta ce in tambayar mata "wanga intanet naku" yadda ake yi. Na bincika na karanta mata. Dutse ya bushe sarai kafin ya ga wuta. A binne shi cikin yashi. Zafi ya hau a hankali, ya daɗe a tsaye wuri ɗaya, kada ya wuce na gasa nama da yawa, sannan ya sauka da kansa, ba buɗewa, ba leƙawa. Ta saurara ta gyaɗa kai ta ce, "Tamam. Ashe dutsi ma halin Malam gare shi, ba a yi mishi gaggawa." Matsalar ita ce kaskonta ba zai iya riƙe wuta haka ba. Sai aka shiga neman tanderun da zai iya.

Na raka ta wasu wuraren, wasu kuma labari na ji. Ta fara da mai gidan burodin layinmu. Tana tsaye ta ga gurasa ta shiga ta kumbura ta fito kafin su gama gaisawa, ta kara bayan hannunta a bakin tanderun ta janye, ta ce wannan wutar 'yar gaggawa ce. Mai gasa dankalin Hausa a amalanke ya ce ta kawo, ba komai, amma ta zauna ta lura duk wanda ya zo saye sai an buɗe ƙofa iska ta shiga, ta yi masa godiya ta wuce. Wata maƙwabciyarta Basudaniya ta ce ga nata na gas. A lokacin kuwa tukunyar gas ta yi wuya, mata layi suke kwana bi. Inna ta ce ba za ta ƙone gas ɗin da za a dafa wa yara abinci a kan dutse ba, ko da na Malam ne.

Daga nan muka tafi Fustat, unguwar maginan tukwane. A zatona mun iso, domin ga tanderu manya, ga mutanen da wuta ce sana'arsu. Wani magini mai kirki ya karɓi duwatsu kaɗan ya sa su a tsakanin tukwanensa. Da muka koma ɗauka sai ya miƙo mana su yana ta cewa ma'alish, wato a yi haƙuri. Sun yi fari fat kamar alli, Inna ta matsa ɗaya ya ruguje a tafinta. Wutar da ke ƙona yumɓu ta fi ƙarfin ƙanƙara nesa ba kusa ba. Muka dawo a mota, garin dutsen na ƙulle a bakin mayafinta.

Da maganar ta kai kunnen Badamasi, sai ɗalibai suka ce su ma a bar su su saka wa Inna. Wata 'yar ƙasarmu da ke aiki a wani gida a unguwar Muhandisin ta samo tsohon tanderun lantarki da masu gidan suka daina amfani da shi, mai abin murɗawa da ke ƙayyade zafi. Samari suka ɗauko shi a ka har ɗakin Badamasi. Gaskiya a lissafi shi ne daidai, kuma dukanmu mun saki jiki. Abin da ba mu sa a lissafin ba shi ne bazarar 2014, lokacin da ake ɗauke wuta a Alƙahira a dawo da ita kamar ana wasa da makunni. Tanderun ya yi zafi ya huce, ya sake zafi ya sake hucewa. Da aka buɗe, rabin duwatsun sun tsattsage, sauran ma ba su da amfani. Badamasi, ƙaton mutum mai gemu, ya zauna a bakin katifa ya rufe fuska. Inna ce ta koma ba shi baki. Ta ce, "Khalas ɗana, kai ka ɗauke wutar?" Ta ciro ƙuli-ƙuli ta ba shi.

Buhun da ya fara a cike yanzu abin da ya rage a cikinsa ba zai cika ƙwarya ba. Na ce mata, "Inna, ko a bar sauran nan haka? Aƙalla in ya hau sama wata rana zai tarar da wani abu." Ta ce, "Ya tarar da su ya yi mi da su? Ya kalle su?" Ban sake kawo maganar ba.

Amsar kuwa tana zuwa ƙofar gidanta kowace safiya. Kullum takan sayo wa Malam ful, waken nan da Misirawa ke karyawa da shi, a wurin mai amalanke. Wata safiya tana kallon yana ɗebowa daga ƙatuwar tukunyarsa, waken ya yi luguf ba inda ya kama, sai ta tambaye shi wace irin wuta ce ke dafa wake haka. Ya ce ai ba a gidansa ake dafawa ba. Tukunyar a cikin toka take kwana, a wurin Ammu Hamad, can cikin tsohon gari. Ba gas, ba lantarki, garwashi ne da toka, kuma tun zamanin kakan Hamad wutar wurin ba ta mutu ba.

Mustauƙad suke kiran irin wurin. Wani rami ne mai faɗi a bayan tsohon gidan wanka, ana ƙona diddigar katako, a ja tokar gefe, a binne tukwanen wake a ciki har wuya. Ammu Hamad tsoho ne siriri, girarsa duk toka. Inna ta kunce ƙullinta ta nuna masa abin da take so a gasa. Ya dubi duwatsun ya dube ta ya ce, "Ya Hagga, yunwar ta kai haka?" Ta yi dariya ta ba shi labarin Malam da Larabcinta na kasuwa. Da ta zo wurin miya marar gishiri sai tsohon ya daina murmushi. Ya ce matarsa ta rasu shekarun baya, kuma har yanzu abin da ya fi kewa shi ne faɗanta. Ya nuna mata ramin ya ce ta zaɓi inda take so.

Zaɓen ne aikin, domin tokar ba ɗaya ba ce. Kusa da bakin wuta akwai zafin da zai yi mata irin ta Fustat, can ƙurya kuma ɗumi ne kawai. Ba ta da ma'auni, shi ma ba shi da shi. Sai ta koma ga abin da ta sani. Ta cika ƙananan tukwane da yashinta, ta binne gyaɗa a kowace, aka jera su daga bakin wuta zuwa ƙurya. Washegari ta tone. Inda gyaɗa ta soyu daidai ci, ta ce zafin ya yi wa dutse kaɗan. Inda ta zama toka, ya yi yawa. A tsakiya akwai wadda gyaɗarta ta yi baƙi ƙirin har ciki amma ba ta ruguje ba. Nan ta sa ƙaramin dutse ɗaya, wanda ta shanya a rana ya bushe sarai, ba wanki wannan karon. Da ya fito ta ƙwanƙwasa gefensa da bayan cokali, sai ga ɗan ɓantare ya tashi, cikinsa na sheƙi.

Sai ta kawo sauran gaba ɗaya. Ammu Hamad ya bar mata wurin tukwane biyu na wake, ya ja musu garwashi a hankali, daga baya ya daina ƙara wa gefen wuta don tokar ta huce da kanta. Wannan jiran shi ya fi komai wahalar da Inna. Mace ce da ta saba buɗe murfi ta leƙa, ta ɗanɗana, ta juya. Kullum in ta tashi daga kasko sai ta hau mota ta tafi can, ta tsuguna a gefen ramin hannunta na ƙaiƙayi. Da Hamad ya gane take-takenta sai ya ɗauko kujerarsa ya dasa a gaban wurin. In ta matso ya ce, "La ya Hagga. Wakenki bai nuna ba." Sai da tukunyar ta yi sanyi har hannu zai iya rungumarta ya bari aka tone. Duwatsun sun fito lafiya, sun ɗan yi ja kamar bayan dabino.

Saura babban aikin. Ba ta faɗa wa Malam komai ba. Da safe ta kai masa tiren karin kumallo, a gefen kwanon wake ta ajiye dutse ɗaya da tsinin ƙahonsa da fatar cinya. Ya ce mene ne wannan. Ta ce wuƙarta ta dakushe, tana son abin yanka kuɓewa. Ya ce ta kai wa mai wasa wuƙa. Ta ɗauke kwano ta bar dutsen. Kwanaki yana nan a gefen tabarma, ba wanda ya taɓa shi, ita kuma in ta zo shara sai ta share kewayensa ta wuce.

Ranar wata Juma'a da la'asar na je gaishe su. Ina zaune ina yi wa Malam surutun makaranta, ba ya ji na, idonsa na kan dutsen. Ina jin haushinsa ya ji. Ya ja fatar ya ɗora a cinya, ya ɗauki ƙahon kamar mai son nuna wa Inna cewa ɓata lokacinta take yi, ya kafa tsinin a gefen dutsen ya danna. Sai muka ji ƙyas. Wani dogon ɓantare, siriri kamar ɓawon albasa, ya tashi ya faɗa kan tabarma.

Ya sake dannawa, wani ya tashi. Ya ƙara, wani ya bi bayansa. Sannan ya tsaya, ya ɗaga dutsen saitin taga, ya juya shi. Inda ɓantarorin suka fita yana sheƙi kamar an shafa masa mai, kuma ɗanyen dutse ba ya haka. Mutumin da ya kwashe rayuwarsa yana zagin gasasshen dutse ba ya buƙatar a faɗa masa abin da ke hannunsa. Ya ɗago ya dubi Inna, wadda ke tsaye a bakin ƙofa da ludayi, ya dubi tabon da ke goshinta, ya daɗe yana dubansa. Ni dai na san in ya jefar da dutsen nan ba sauran wata dabara.

Ya ce, "Azara."

Ta ce, "Na'am, Malam."

Ya sake juya dutsen, ya shafa shi da babban yatsa, ya taɓe baki yadda ya saba a da. Ya ce, "Wutar ga ta ɗan yi yawa."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, ban san ko dariya ce ko kuka ba, ina jin duka biyun ne. Daga cikin mayafin ta ce, "To Malam, gobe sai ka tashi ka gasa da kanka." Ni kuwa fita na yi tsakar gida na yi nawa kukan, don kada in ba su kunya.

Ya tashi ɗin kuwa. Bai cika mako ba ya ce a kai shi wurin mai tokar nan ya ga abin da ake yi wa duwatsunsa. Shi da Ammu Hamad suka zama abokan gardama, wannan ya ce a matso da tukunya, wancan ya ce kai ka san dutse ni na san toka. Tsofaffin abokan cinikinsa da suka ji ya dawo aiki suka fara kawo masa ƙanƙara, yana karɓa yana kushe ta. Har yau bai janye maganarsa ta cewa gasa dutse aikin ragwaye ne ba, sai dai yanzu yakan ƙara da cewa shi ma ya shiga sahunsu. Abu na farko da ya kammala 'yar wuƙa ce mai ƙotar itace, ya ba Inna. Ba ta taɓa yanka kuɓewa da ita ba.

Inna Azara, uwar baƙi, mai ɗumama aljihu. Ke ce kika bi wutar garin nan ɗaya bayan ɗaya, kina kara bayan hannunki, har kika sami wadda ba za ta fasa abin da ya rage wa mijinki ba. Ke ce kika ɗauki tabo a goshi ba ki ce wa Malam don me ba. Ba ki taɓa zama kin yi mana wa'azi a kan aure ko zumunci ba, mu da muke kwana muna haddace babukansu, amma a bakin kaskonki na ga yadda ake yinsu. Ina son ki, Inna, kuma ban san yadda sanyin bana zai kasance ba tare da ke a bakin titin nan ba.

Mun gode, ni da Badamasi da duk wanda ya taɓa cusa hannu a gyaɗarki. Allah Ya ba ƙirjinki lafiya, Ya kai ku Tawa lafiya, Ya saka wa Ammu Hamad da ya ba da wurin wakensa. Ku kuma masu karatu, kusan kowane gida akwai wanda ya naɗe kayan aikinsa ya juya fuska bango. Sannu tana da kyau, amma kada mu tsaya a kanta. A tashi a nemo abin da zai sauƙaƙa masa aikin har hannunsa ya iya, ko da za a yi ta kuskure a hanya kamar yadda Inna ta yi.

Jiya na je taya su ɗaure kaya. Kaskon na jingine a bango, ta ce Huda za ta zo daga unguwar Faisal ta ɗauka. Aka kawo tuwo, Malam ya kai loma ɗaya, ya tauna, ya ɗaga kai ya ce miyar nan kamar an yi mata rowar daddawa. Inna tana naɗe 'yar wuƙarta a cikin zane, ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce, "Alhamdu lillahi."